Ƙanwata ta samu 148 a JAMB, Lissafi kuma D7: NCE za ta yiwu?

Nura T/Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar malaman da ke cikinmu nake nema. Ƙanwata ta gama sakandare, JAMB ta samu 148. A WAEC tana da kiredit a Turanci, Hausa, Addinin Musulunci, Gwamnati da Sibik, amma Lissafi ya ba ta D7. Tun tana ƙarama koyarwa take so, yanzu haka ita ke riƙe ajin ƙananan yara a islamiyyar layinmu. Mahaifinmu ya rasu, ni ne tsaye a kanta, ni kuma ɗinki nake a Kasuwar Barci, bokona bai yi nisa ba. Me ake nema kafin a shiga NCE, wato karatun shaidar koyarwa na kwalejin ilimi? In an shiga kuma me ke jiran mutum a ciki? A yi min dalla-dalla don Allah.

Sadik Kawo: Wa alaikumus salam. Shawara ɗaya ce, ta sake JAMB baɗi ta nemi jami'a. Ni na yi NCE shekara uku cur, ga ni nan a ƙarƙashin lema ina POS.

Maman Walid: Haba Sadik, mutum ya kawo tambaya ka tare shi da labarin lemarka? Malam Nura, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka maka da alheri. Ta fuskar JAMB ba ta da matsala sosai. A 2024 da 2025 mafi ƙarancin makin da aka tsayar wa kwalejojin ilimi 100 ne, sai dai kowace makaranta tana da damar ɗaga nata, wasu kwasa-kwasan kuma sun fi wasu cunkoso. Tambayata ta farko: wace makaranta ta sa a zaɓin farko?

Nura T/Wada: Amin Hajiya, na gode. Jami'a ta sa, ƙawayenta ta bi.

Maman Walid: To sai ta je cibiyar JAMB da aka amince da ita ta canza makaranta da kwas. Kuma ko an ce mata ta samu gurbi, kada ku biya ko sisi sai kun ga sunanta a CAPS, shafin JAMB ɗin nan da ake karɓar gurbi, ta danna ta karɓa da hannunta.

Malam Isiyaku: Kun tsallake babbar matsalar. Kiredit biyar ake nema har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. D7 ba kiredit ba ne, kiredit daga C6 yake farawa. Ba Lissafi, ba magana.

Rifkatu Barnawa: Malam Isiyaku, wannan tsohon zance ne yanzu. A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da sabon tsari. A matakin NCE kiredit huɗu ne mafi ƙaranci. Masu kwasa-kwasan adabi da na zamantakewa Turanci ne dole a kansu, masu kimiyya da sana'o'i da fasaha su ne Lissafi ya zama musu dole.

Malam Isiyaku: Na ji sanarwar. Amma Abuja ta faɗa daban, abin da za ki tarar a teburin mai tantance takardu daban. Ni dai ba zan tura yarinya da D7 in ce ta dogara da labarin rediyo ba.

Rifkatu Barnawa: Ai ba labarin rediyo ba ne, sanarwar hukuma ce.

Malam Isiyaku: Ban musa ba Madam. Cewa na yi Malam Nura ya je makarantar da ƙafarsa, ofishin ɗaukar ɗalibai, ya tambaya kwas ɗin da take so me suke karɓa a bana. Zariya, inda ake karatun NCE, ba nisa, mota ɗaya ce daga tashar Kawo.

Maman Walid: Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma ni a nawa ganin ko an ɗauke ta da D7 ɗin, ta sake zama ta gyara Lissafin. Ga NECO ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara, ga ta WAEC, kuma an yarda a haɗa sakamakon zama biyu. Dalilina: Lissafin da ta guje wa a ƙofa yana zaune yana jiranta a cikin gida. Duk ɗalibin NCE, ko Larabci yake karanta, sai ya yi darussan GSE, a ciki akwai Turanci, akwai Lissafi, akwai kwamfuta. Na ga waɗanda suka cinye duk darussan sashensu, Lissafin GSE ya riƙe musu ƙafa har 'yan ajinsu suka fita suka bar su.

Nura T/Wada: Hajiya a nan na ɓace. Mene ne GSE? Na ɗauka in ta zaɓi Hausa, Hausa kawai za ta karanta.

Maman Walid: Bari in warware maka, ka yi haƙuri zan yi tsawo. NCE shekara uku ce, kowace shekara zango biyu. Karatun kuma kamar murhu yake, ba a kan dutse ɗaya tukunyar ke zaune ba. Akwai darussan da za ta koyar in ta fita, yawanci biyu ake haɗa wa mutum: Hausa da Turanci, ko Larabci da Addinin Musulunci, ko Bayoloji da Kemistiri, haka dai. Wasu kwasa-kwasan kuma su kaɗai suke tsayawa ba a haɗa su da komai, kamar PES na koyar da firamare, da ECCE na renon ƙananan yara, da Aikin Gona. Sannan akwai EDU, wato ilimin koyarwar kansa: tarihin ilimi, halayyar yaro da yadda yake koyo, dabarun koyarwa, tsara manhaja, yadda ake auna fahimtar ɗalibi, tafiyar da aji. Sai GSE da na faɗa, na kowa da kowa. Sai TP, fita makaranta a koyar da yara na gaske. A ƙarshe ta rubuta kundin bincike.

Abin da sababbin ɗalibai ba sa ganewa da wuri shi ne, a takardar sakamako kowane ɓangare da darajarsa daban. Ba a haɗa su a raba. Za ka ga mutum yana da kiredit a darasi ɗaya, ɗayan kuma da ƙyar ya haye, EDU merit. Ranar da ya tashi neman digiri sai wannan da ƙyar ɗin ya tare masa hanya.

Makin kuma, 40 na gwaji da jinga ne, 60 na jarrabawa. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, darasin ya zama kari-oba, ka dawo baɗi ka zauna da ƙannenka. Halartar aji kashi 75 cikin ɗari ake nema kafin a bar ka ka shiga jarrabawa. In shekara biyar ta cika ba ka wanke komai ba, sai sallama.

Sadik Kawo: Kashi 75 a takarda. Mu ajinmu na GSE wasu ta taga suke jin lakca.

Maman Walid: Ai shi ya sa wasu ta taga suka fita.

Rifkatu Barnawa: 😂 Anti kin gama da shi. Ni a kwalejin ilimi ta Gidan Waya na yi tawa, kuma abin da ya fi zauna min har yau TP ne. A aji biyu ake fara gwajin da muke kira maikuro: ka tsaya gaban 'yan ajinku minti kaɗan ka koyar, su zama kamar ɗalibanka, malami yana gefe yana rubuta kurakuranka, daga yadda ka riƙe alli har yadda ka juya wa aji baya. Wanda bai ci wannan ba, ba ya fita TP. A zangon farko na aji uku kuma sai a tura ka makaranta zango guda. Kullum da lesin not ɗinka, malaman kwaleji suna zuwa dubawa ba tare da sun sanar ba. Ranar farko da na tsaya gaban 'yan aji huɗu, na shirya darasin minti talatin da biyar, cikin minti goma na ƙarar da duk abin da ke kaina. Yara suka zuba min ido, ni ma na zuba musu. Malam Nura, ka tanadi kuɗin mota da na kwali da maka na wannan zangon tun da wuri, yana cin kuɗi fiye da yadda ake zato.

Baba Hedimasta: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya karanto min, na ce a ba ni wayar. Mu 'yan Gireti Tu ne. Daga firamare aka ɗauke mu zuwa kwalejin horon malamai, shekara biyar muna koyon abu ɗaya, yadda ake koyarwa. Rubutun allo kansa darasi ne, sai layinka ya miƙe kamar an ja da zare. Da aka ƙaddamar da UPE, shirin ilimin firamare ga kowane yaro, a 1976 yara suka cika makarantu, malamai suka yi kaɗan, a shekarar ce aka kafa NTI, cibiyar malamai ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke nan Rigachikun kan hanyar Zariya, don a horar da malaman da ke bakin aiki. Daga baya aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, Gireti Tu ta zama tarihi. Ni kaina da furfurata na koma na yi NCE ta NTI, Asabar da lokutan hutu.

Ba na cewa a koma baya. Amma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. A da, yaron da ya fi kowa a aji shi hedimasta ke zaɓa ya ce wannan malami zai zama. Yanzu sai wanda likitanci ya ƙi, lauya ta ƙi, kowace ƙofa ta rufe, sannan a ce to tafi NCE. Makin JAMB na 2025, jami'a 150, kwalejin ilimi 100. Wanda zai koyar da likitan gobe shi aka sassauta wa. Shi ya sa da na ji Nura ya ce yarinyar da kanta take so, na ce a ba ni wayar. Irinta ake nema da fitila.

Nura T/Wada: Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Baba.

Sadik Kawo: Baba, da girmanka, amma so ba ya sayen buhun masara. Mai NCE mataki na 7 ake ɗaukarsa aiki, mai digiri na 8. Mai NCE ba ya zuwa bautar ƙasa. Makarantun kuɗi na cikin unguwa kuwa kowa ya san abin da suke biya, ba sai na faɗa ba. Kuma a jihar nan muka ga abin da ya faru a 2017.

Baba Hedimasta: Sadik ɗana, faɗi abin da ya faru ɗin duka, kada ka tsaya a rabi. Malaman firamare kusan 33,000 aka yi wa jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 ba, aka sallame su. An yi ta gardama a kan yadda aka yi jarrabawar, ƙungiyar malamai ta tafi yajin aiki, ni ma ina da ra'ayina a kai. Amma ka tambayi kanka, da yawansu ba da takardar NCE a hannu suka shiga ɗakin ba? Takarda na nan, abin da takardar ke shaida ne babu. Wannan shi nake so ƙanwar Nura ta ji tun kafin ta sa ƙafa.

Malam Isiyaku: Wannan haka yake. Kuma yanzu takardar ma ba ta isa ita kaɗai. Sai ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa tun 1993, ka zauna jarrabawarsu ta kwamfuta, su ba ka shaida da lasisi. In SUBEB, hukumar ilimin tushe ta jiha, ta buɗe ɗaukar aiki za ka ji ana tambayarta.

Ɗan Asabe: Ni dai a ganina mace ce, a yi mata aure ta huta da duk wannan lissafin.

Maman Walid: Da cikin Walid na yi TP ɗina, Ɗan Asabe. Aure bai hana ba. In matarka ta kai 'yarka makaranta, wa kake so ta tarar a ajin?

Admin: A tsaya kan tambayar Malam Nura don Allah.

Abu Sumayya: Tunda tana koyarwa a islamiyya, me zai hana ta ɗauki Larabci da Addinin Musulunci? Ga albarka ga sauƙi.

Maman Walid: Ustaz, sauƙi ga wa? Larabcin NCE nahawu ne da sarfu da balaga da adabi, kuma da Larabci ake koyar da shi. 'Yan makarantun Arabiyya da suka zo da sakamakon NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da Addinin Musulunci, su ne ke shaƙatawa a wurin. Ita ba ta ma da Larabci a WAEC ɗinta. Ƙa'idar ita ce darasin da za ka karanta ya kasance kana da kiredit a cikinsa, kuma ya dace da darussan da ka rubuta a JAMB.

Abu Sumayya: Gaskiya ne, ban lura babu Larabci a jerin ba. To Hausa da Addinin Musulunci ke nan.

Sadik Kawo: Hausa kuma? Bahaushiya ta je ta biya kuɗi a koya mata Hausa?

Malam Isiyaku: Kai dai yau da faɗa ka tashi. Hausa na karanta, kuma na ga 'yan Kano da Katsina na asali suna kari-oba a ciki. Iya magana daban, sanin harshe daban. Za a ce ka rarrabe karin sama da na ƙasa da faɗau a kalma, ka nuna dogon wasali da gajere, ka yanka baitin waƙa ka fitar da ma'auninta, ka faɗi gurbin furucin kowane baƙi, ga ƙa'idojin rubutu, ga fassara. Rubuta min bambancin "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa da alamar sauti in gani. Ana karanta Hausa har digiri na uku a ABU da Bayero, gidajen rediyo na waje ma da ita suke cin abinci.

Amma Malam Nura, ba zan ɓoye maka ba, masu wannan haɗin suna da yawa ƙwarai a Arewa. In an buɗe ɗaukar aiki layinsu ya fi kowane tsawo, masu Lissafi da kimiyya da Turanci kuwa nemansu ake. Tunda tana da kiredit a Turanci, Hausa da Turanci ya fi mata kasuwa.

Rifkatu Barnawa: Ni kuma PES nake gani. Ku duba abin da yayanta ya faɗa: ƙananan yara take riƙewa. NCE dai ta ilimin tushe ce, daga rainon yara zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Mai Hausa da Turanci an shirya shi ne don ƙaramar sakandare, amma sau da yawa firamare ake jefa shi, a ba shi aji ɗaya ya koyar da komai, bai taɓa koyon yadda ake sa yaro ɗan shekara shida ya haɗa baƙi da wasali ba. Mai PES wannan ne aikinsa tun daga ranar farko.

Malam Isiyaku: PES da D7 a Lissafi? Wadda za ta koyar da yara kasafi da sau?

Rifkatu Barnawa: Shi ya sa Anti ta ce ta gyara shi ai. Mun dawo inda muka faro.

Auwal Rigasa: Ku bar ni in sa baki da abin da ya same ni. Matata na sa a wata cibiya da ke karatun Asabar da Lahadi a harabar wata firamare, suka ce reshen wata kwaleji ne. Shekara biyu muna biya. Da muka matsa a nuna mana lambar rajistarta ta JAMB sai aka fara kwana-kwana, ƙarshe dai muka gane ba wanda ya san da zamansu. Kuɗi sun tafi, shekaru sun tafi. Duk inda za ka kai ta, ka duba sunan makarantar a jerin NCCE, hukumar da ke kula da kwalejojin ilimi, kuma ka tabbatar kwas ɗin kansa an amince da shi, ba makarantar kawai ba.

Maman Walid: Allah ya mayar da alheri Malam Auwal. Irin wannan ne ya sa na fara da maganar CAPS.

Nura T/Wada: Amin. To maganar digiri fa? Sadik ya tsorata ni da matakin albashi.

Malam Isiyaku: Hanya a buɗe take. In ta gama da sakamako mai kyau sai ta sayi fom ɗin DE na JAMB, wanda masu NCE ke cikewa, ta shiga jami'a a aji biyu, shekara uku ta karɓi digirin ilimi. Yawanci merit ake nema zuwa sama, kuma a nan ma za a sake buɗe sakamakon sakandarenta a duba. Dokar 2023 kuma ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu tare da NCE. Wanda ya kama aiki yana iya yin na lokacin hutu, sai dai shi ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar cirewa ake ba shi.

Sadik Kawo: Uku da uku shida ke nan. Wanda ya shiga jami'a kai tsaye huɗu zai yi.

Malam Isiyaku: Da 148? In ta zauna jiran JAMB baɗi, da baɗin baɗi, lissafa min nawa ke nan. Kuma mai digirin da ba na ilimi ba in yana son aji sai ya dawo ya ƙara PGDE, difilomar koyarwa ta masu digiri.

Sadik Kawo: Na ji. Ni ma ban ce karatun banza ba ne, haushin zaman lema ne. Gaskiya ma ban taɓa zuwa na yi ta TRCN ɗin ba.

Maman Walid: Au! Ashe lemar da hannunka ka kafa ta.

Nura T/Wada: Salam jama'a, na dawo bayan kwana biyu. Na karanta mata komai daga sama har ƙasa. A JAMB Turanci, Hausa, Gwamnati da Addini ta rubuta. Da ta ji bayanin Madam Rifkatu ta ce ita PES take so, ko da zai sa ta jira. Ranar Litinin zan rufe shago mu je Zariya mu ji ta bakinsu kamar yadda Malam Isiyaku ya ce, in darussan JAMB ɗinta ba su dace da PES ba mu ji abin da ya dace. Lissafi kuma ta yarda za ta sake zama. Saura mai koya mata, don in na ce ni zan yi, iyakata awon tef.

Baba Hedimasta: Turo ta gidana Asabar da Lahadi bayan la'asar, jikokina mata biyu ma suna zama. Jikana zai aiko maka kwatance ta akwatin sirri. Ta zo da sabon littafi mai layi da fensir, ban da kalkuleta. Daga jadawalin sau za mu fara.

Sadik Kawo: Baba akwai wurin mutum ɗaya a tabarmar? An ce ta TRCN ma akwai ɗan lissafi a ciki.

Baba Hedimasta: Akwai, amma kai daga zaure za ka zauna.